Shin Kim Il Sung ne ya kafa jam'iyyar gurguzu a Koriya?

Tambaya: Malam, a wata muhawara da muka yi, abokin karatuna ya dage cewa Kim Il Sung, shugaban farko na Koriya ta Arewa, shi ne ya fara kafa jam'iyyar gurguzu a Koriya. Ina neman ƙarin haske. Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.

Amsa: Malam ɗalibi, abokinka bai yi daidai ba, domin lokacin da aka kafa jam'iyyar a birnin Seoul a 1925, Kim yana da shekara 13 kacal. Wanda ya kamata ku sani shi ne Pak Hon-yong, da aka haifa a 1900, wanda aka yi wannan tafiya da shi tun daga farko, ya kuma jagoranci reshen matasanta. 'Yan mulkin mallakar Japan sun kama shi a shekarar, ya yi haukan ƙarya har suka sake shi, ya tsere zuwa Mosko ya yi karatu. Sun sake cafke shi a Shanghai a 1933, bai fito ba sai 1939, daga baya ya ɓuya a Gwangju yana leburanci a masana'antar bulo.

Da Japan ta sha kaye a 1945, shi ne ya farfaɗo da jam'iyyar a Seoul. Sai dai an raba Koriya gida biyu: Seoul da ke Kudu tana hannun sojojin Amurka, alhali Kim yana Arewa inda sojojin Tarayyar Sobiyet suka tsaya masa, kuma a ganina wannan ne ya raba gardama tsakaninsu, ba yawan gwagwarmaya ba. Da hukumomin sojan Amurka a Kudu suka ba da umarnin kama shi a 1946, Pak ya ƙaura Arewa, inda a 1948 ya zama mataimakin firaminista kuma ministan harkokin waje, a ƙarƙashin Kim, mutumin da ya girme wa da shekara 12.

Ba zan wanke Pak daga alhakin yaƙin da Arewa ta ƙaddamar kan Kudu a 1950 ba, domin yana cikin waɗanda suka ba da tabbacin cewa magoya bayansu a Kudu za su yi bore da zarar sojojin Arewa sun tsallaka iyaka, boren kuwa bai auku ba. Amma zargin leƙen asiri wa Amurka da gwamnatin Kim ta ɗora masa bayan kama shi a 1953 abu ne da hankali ba ya ɗauka ga mutumin da ya sha ɗauri saboda aƙidarsa. An yanke masa hukuncin kisa a Disamban 1955, bayan an riga an yanke wa manyan abokan tafiyarsa 'yan Kudu, irin su Yi Sung-yop, irin wannan hukunci tun 1953.