Tambaya da Amsa: Yarona ɗan shekara 4, ƙwallo ko kokawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da yaro ɗan shekara 4 da 'yan watanni, yana nazire. Ba ya zama wuri ɗaya, kujerun falo duk ya mai da su wurin tsalle. Babansa ya ga wata makarantar koyon ƙwallo da ke ɗaukar yara ranar Asabar, ya ce a sa shi tun yanzu, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kakansa kuwa, da yake ya yi kokawa da ƙuruciya, cewa yake a bar masa jikan ya koya masa. Ni kuma tsoro nake kada a karya min yaro. Wane wasa ya dace a fara sa shi? Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗiyata. Allah ya raya mana shi, ya albarkaci rayuwarsa. Yaron da ke tsalle a kan kujera lafiya ce ta yi masa yawa, sai godiya.

Amsata a taƙaice: a shekara 4 ba sunan wasan ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne mutumin da za ki miƙa wa yaron, da kuma lokacin da ake fita fili. In waɗannan biyun sun yi, ƙwallo ta yi. In ba su yi ba, a jira.

Na daɗe ina koyar da motsa jiki a firamare kafin in aje aiki, kuma na sha tara 'yan nazire a fili in jefa musu ƙwallo. Duk sai su bi ta gaba ɗaya kamar 'yan tsaki an watsa tsaba. Ba mai ba wani, ba mai tsaron baya. Wannan ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu ya ruga, wancan ya zura a ragarsu yana murna, wani kuma ya tsaya cak yana kallon ƙadangare a jikin katanga. Ba wauta ba ce, shekarunsu ne. Idon yaro a wannan lokacin bai gama iya bin abu mai gudu ba, hankalinsa ba ya daɗewa a kan abu ɗaya, kuma "namu" da "nasu" ba su zauna masa a kai ba tukuna. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka take cewa yawancin yara sai wajen shekara 6 suke kaiwa ga wasan ƙungiya mai dokoki. Abin da ɗan shekara 4 yake ginawa shi ne gudu, tsalle, jifa, cafewa, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da faɗuwa ya tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar aƙalla minti 180 na motsi a yini, 60 daga ciki mai sa haki da zufa, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. Ki lura, a kullum aka ce. Atisayen Asabar kaɗai ba zai cike wannan gurbin ba. Tsakar gida ce za ta cike shi, da ƙofar gida bayan la'asar, da 'yar ɓuya, da tsere, da tura tsohuwar taya. Langa ma in ya ƙara girma kaɗan, riƙe ƙafa ɗaya da hannu ana tsalle da ɗayar babban horo ne ga jiki, kuma ba a biyan ko sisi.

To, makarantar da babansa ya gani. Ban ce kada a je ba. Ina so ku je ku biyu, ba tare da yaron ba, ku zauna a gefe ku kalli atisaye ɗaya daga farko har ƙarshe kafin ku biya kuɗin fom. Ki duba ko an ware ƙanana daban, ko kuwa an cakuɗa su da 'yan shekara 10. Ɗan shekara 10 in ya taho a guje ya bangaji naki, nan ne karayar da kike tsoro take. Ki duba ƙwallon: lamba 3 ce ta ƙanana, lamba 5 ta manya ce, ta yi wa ƙafarsa nauyi. Mafi kyau kowane yaro ya sami tasa, ba a jera su a layi kowa yana jiran bugu ɗaya ba. Ki saurari muryar kocin. In yaro ya yi kuskure, durƙusawa yake ya nuna masa, ko tsawa yake daka masa? In kin ga bulala a hannunsa, ko kin ji yana zagin yaro, ki ɗauki jakarki ku tafi, komai sunan da makarantar ta yi. Na ga yara masu son ƙwallo da suka guje ta har girmansu saboda mutum ɗaya mai zafin hannu, kuma abin yana ci min rai har yau.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne buga ƙwallo da ka. Wuyan yaro bai yi ƙwari ba, kansa kuma ya fi girma in an gwada da jikinsa. Hukumar ƙwallon Amurka ta hana hedin ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015, Ingila ma ta hana shi a atisayen 'yan firamare a 2020. Kocin da ke jefa wa ɗan nazire ƙwallo a ka bai san aikinsa ba.

Sai maganar rana, wadda mu a Sakkwato ba ma wasa da ita. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma yashin fili yana riƙe zafin har bayan rana ta karkata. Atisayen ƙanana ko dai a gama shi kafin hantsi ya dubi ludayi, ko a bari sai yamma liƙis, kuma minti 30 zuwa 45 ya ishe su. Yaro in wasa ya yi masa daɗi ba ya neman ruwa, sai an tsayar da shi an ba shi. Ki sa masa gorarsa, ki ga da idonki ana tsayawa a sha. In yana da sikila, ƙishirwa da gajiya mai yawa suna iya tayar da ciwon, don haka a ji ta bakin likitansa tukuna. Haka ma mai asma a lokacin ƙurar hunturu. Kada kuma a cinye masa lokacin Islamiyya. Ga yammacin Alhamis nan da ba karatu.

Kakansa kuwa, ki gaishe min da shi, ki ce ina bayansa da sharaɗi. Kokawa gadonmu ce a ƙasar Sakkwato da Kabi har zuwa Nijar, kuma tana koya wa yaro tsayuwa da sanin ƙarfinsa. A shekara 4, kokawar da ta dace ita ce ta jika da kaka a kan tabarma ko yashi mai laushi: ya tura, ya ja, kakan ya faɗi ya ce an kada shi. Amma a haɗa shi da wani yaro ana zuga su har sai an yi kaye, wannan sai nan gaba. Dambe kuwa ba ma a kawo zancensa yanzu.

Kada ku yi gaggawar sayen but mai ƙusa da jesi mai tsada. Kambas mai kama ƙafa ya isa, ƙafar ma girma take yi duk bayan 'yan watanni. In an fara, wani babba na gida ya riƙa zama a filin har a tashi, ba a sauke yaro a bar shi a hannun mai Keke ba. Ku ba shi kamar wata guda. In Asabar ta zo ya ɗauko takalminsa da kansa, a ci gaba. In kuka yake yi tun daga gida, ku dakata sai baɗi ko bayan baɗi. Ki faɗa wa babansa cewa wanda ya fara a shekara 6 ko 7 bai makara ba, kuma kafin nan shi ne kocin da ya fi dacewa: ya sayo ƙwallo lamba 3, ya aje takalma biyu a matsayin raga a ƙofar gida, su riƙa bugawa kafin magariba.