Fara binciken lattice QCD da laftof a Kaduna

Ɗan'uwa, ka tambaya ko laftof ɗinka zai isa ka fara binciken lattice QCD a nan Kaduna. Zai isa, amma don koyo kawai. Lattice QCD dabara ce da masanin kimiyyar fiziks Kenneth Wilson ya kawo a 1974, wato a yanka sarari da lokaci gida-gida kamar gurbin dara, sannan a lissafa ƙarfin da ke ɗaure ƙananan ƙwayoyin da ake kira kwak a cikin furoton, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke tsakiyar atom.

Sharaɗin shi ne ka taƙaita yawan gidajen, saboda lissafin nauyin furoton na gaske sai manyan kwamfutoci irin na Turai da Amurka. Ni da na gwada, ɗaukewar wuta ta cinye mini aikin kwana biyu, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ka saita manhajarka ta riƙa adana sakamako kowace awa.