Takardar wata shida ba ta kai mutum ɗakin hoto

Ɗana, ka ce akwai mai cibiyar hoto a unguwarku da zai koya maka aikin eksire cikin wata shida ya ba ka satifiket, kana tambaya ko hakan zai hutar da kai shekara biyar ta jami'a. Ba zai hutar da kai ba. Ku yaran yanzu kun fi son a ce kun iya da ku zauna ku koya.

A Najeriya hukumar RRBN, wadda dokar soja mai lamba 42 ta 1987 ta kafa, ita ke yi wa ma'aikacin hoto rajista. Digiri ake yi a jami'ar da ta amince da ita, kamar Bayero ta Kano, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko ta Maiduguri. Maganar JAMB ba sai na ɓata bakina ba. Abin da ake sakaci da shi, ka tabbata sunanka ya shiga rajistar ɗalibai ta hukumar tun kana makaranta, in ba haka ba ranar rantsarwa za a kira abokanka kana zaune. Daga nan shekara guda ta sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa, lasisi kuma duk shekara ake sabunta shi.

Mai irin takardar da kake kwaɗayi aka taɓa ɗauka a wata cibiya, don albashinsa da araha. Injin ya kwana a kashe, da safe aka kawo wani ƙaton mutum mai ciwon baya. Yaron bai ɗumama bututun da ke fitar da hasken eksire ba, ya ɗaga wuta sama ya harba. A cikin bututun akwai faifan ƙarfen tangistin mai juyawa, kuma kusan kashi 99 cikin ɗari na wutar da ke dukansa zafi take zama. Faifai na sanyi, zafi ya afka masa lokaci guda, sai ya tsage. Ga abin da ya kamata: harbi biyu ko uku a wajen kV 70 (ma'aunin ƙarfin wuta) da ƙaramin mA (ma'aunin yawan wuta), ana ɗan dakatawa a tsakani. Da ma ya saba danne maɓallin shiri ya riƙe yana ta surutu da mara lafiya, faifai na juyawa a banza, boris ɗin da faifan ke juyawa a kai na cinyewa, zaren wutar cikin bututun na ƙonewa. Sabon bututu miliyoyin naira ne. Watanni aka yi ana tura masu karaya wani gari, masu lasisin wurin na zaune ba albashi, shi kuwa ya ɗauki takardarsa ya yi gaba. Har gobe abin na ci mini rai.

Injin ma da sauƙi, ana saye. Hasken eksire kuwa ba a ganinsa, ba a jin zafinsa, amma yana cutarwa in ya yi yawa. Ƙa'ida ita ce kada hasken da ke shiga jikin ma'aikaci ya wuce milisibat 20 (ma'aunin hasken) a shekara, shi ya sa ake maƙala bajon awo a ƙirji. Macen da ta kai haihuwa, sai an tambaye ta batun ciki kafin a harba. Hoton ƙirji daga nisan santimita 180 ake ɗauka, mutum ya ja numfashi ya riƙe yadda za a iya ƙirga haƙarƙari goma ta baya a hoton. In ka kuskure, ka sake ɗura masa haske ba gaira ba dalili.

Kafin ka ba mai cibiyar nan ko sisi, ce ya nuna maka lasisinsa na RRBN na bana, da izinin hukumar NNRA, mai kula da harkar nukiliya, na injin da yake kunnawa.