Ƙurajen sun baje, amma furotin bai bar fitsari ba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Yaya lafiya. Kin ce likita ya gano kumburin ƙananan jijiyoyin jini ne, ƙurajen ƙafa da ciwon gaɓoɓi sun lafa, amma awon fitsari yana nuna furotin 2+, kina tambaya ko ƙoda ta taɓu.

Bajewar ƙuraje ba shaidar ƙoda ta tsira ba ce. Ciwon nan ya fi yi wa ƙodar babba illa fiye da ta yaro, kuma taɓuwar ƙodar ba ta zuwa da zafin ciwo. Sai dai 2+ na tsinken gwaji kintace ne kawai. Zazzaɓi, ciwon sanyi na mafitsara, ko fitsarin da ya yi kauri saboda zafin Gombe na watan Afrilu, duk suna ɗaga shi. A nemi awon da ke auna furotin da kiriyatinin (wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini) a fitsarin farko na safe, ko a tara na awa 24. Wajen tarawar nan ake yawan kuskure: fitsarin farko na safe zubar da shi ake yi, a rubuta lokaci, sannan a tara duk na bayansa har da na washegari a daidai wannan lokacin. In aka zubar da ko sau ɗaya a tsakani, lissafin ya lalace.

Lafiyayye ba ya zubar da fiye da miligiram 150 na furotin a fitsari a rana. In ya haura giram 1 ya ƙi sauka, musamman da jini a fitsari ko kiriyatinin na hawa a jini, likitan ƙoda a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ya kamata ya gan shi, kada a jira ƙafa ta kumbura. Watakila a ɗauki ɗan tsokar ƙoda da allura, don a bambance kumburi mai ci yanzu da tsohon tabo. Na farko ne prednisolone, maganin rage kumburi, ke yi wa aiki, tabo kam sai lallaɓawa.

In an ba shi lisinopril ko losartan, magungunan hawan jini da ke rage zubar furotin, a sake auna kiriyatinin da fotashiyam (wani sinadari a jini) bayan mako ɗaya zuwa biyu. Ranar amai ko gudawa a tuntuɓi likita kafin ya sha. Ya rabu da ibuprofen, diclofenac da jiƙe-jiƙen gargajiya. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi yana cikin lissafin.