Amsa ga Alhajin da ya sayi sabon jirgin ruwa na shaƙatawa: me za a fara ɗaurawa?

Assalamu alaikum. Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya. Na karanta tambayarka: ka sayi sabon jirgin faiba mai tsawon mita 7 da inji mai ƙarfin doki 150, za ka ajiye shi a Legas don fita da iyali wuraren shaƙatawa na bakin teku, Tarkwa Bay da Ilashe, an kawo maka shi ba totur, ba fitilu, ba rediyo. Kana son sanin abin da za ka saya, da kuma ko mai wayarin motarka zai iya haɗa maka. Da wannan aikin nake ci a bakin ruwan nan, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Maganar mai wayarin mota, amsata a'a ce. Ba don bai iya aikinsa ba, kayan da ya saba da su ne ba na ruwa ba. Wayar mota jan ƙarfe ce zalla a cikin roba. Ruwan Legas kuwa da gishiri, iskar ma da gishiri, kuma laima in ta samu ƙofa sai ta bi cikin robar ta yi ta tafiya. Kwanan baya aka kawo mini wani jirgi da bai shekara a ruwa ba, fitilunsa suna lumshewa, famfonsa na kwashe ruwa yana nishi. Na yanke wayar famfon a tsakiya, nesa da mahaɗa, na feƙe robar. Silin ya koma baƙi, wani wurin kore, ina murzawa yana zama gari a yatsuna. Robar kuwa daga waje sabuwa fil. Wayar jirgi ta gaskiya, kowane sili nata an lulluɓe shi da kuza, shi ya sa in ka feƙe ta za ka gan ta fara tas, ba ja ba. Ta fi tsada, amma kada ka yarda a sa maka ko taku ɗaya na waninta. Haka wurin haɗi: ba a murɗe waya biyu a naɗe da salatif. Ana matse su da kan haɗi mai robar nan da ke tsukewa in an hura mata zafi, mai gam a ciki, don ta toshe hanyar ruwa.

Kaurin wayar ma da lissafinsa. Ga fitilun hanya, famfon kwashe ruwa da rediyo, ƙa'idar da masu ƙera jirage a Amurka suke bi ita ce kada wutar da ke zubewa a hanya ta wuce kashi 3 cikin 100. A batir mai bolt 12 ka ga abin bai kai rabin bolt ba. Kuma tsawon da ake ƙirgawa zuwa da dawowa ne, ba zuwa kaɗai ba. A nan mutane da yawa suke sayen siririyar waya, daga baya su ce kayan ne jabu. Kowane layi da fis ɗinsa, babban fis kuma kusa da batir, kada ya wuce inci 7 daga kansa, saboda duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai kare ta, kuma a ƙarƙashin ƙafarka tankin fetur ne. Ka sa batir biyu, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na sauran kaya, da babban makunni mai raba su. Iyali za su kunna kiɗa a bakin yashi tun hantsi har la'asar, ka ga bai kamata a ce batirin da zai mayar da ku gida shi suke sha ba. Famfon kwashe ruwa shi kaɗai ne za a ja wa layinsa kai tsaye daga batir, da fis ɗinsa, da makunnin da ke tashi da kansa in ruwa ya taru, don ruwan saman Yuni ba ya jiran sai kana nan.

Yanzu wurin tuƙi. Kafin a huda ko rami ɗaya, ka je da kanka ka zauna a kujerar, ka kuma miƙe tsaye, domin in ruwa ya yi tsauri a tsaye ake tuƙi. A yanko kwali daidai girman kowane abu, akwatin totur, rediyo, allon taswira, jerin makunnai, a manna su da salatif a inda ake son sa su. Ka kama sitiyari da hagu, ka miƙa dama ka tura hannun totur har ƙarshe, ka dawo da shi har ƙarshen ribas. In gwiwar hannunka ta bugi wani abu, ko yatsunka sun taɓa gilashi, a matsar tun yana kwali. Ka leƙa ta baya kuma ka ga me ke ƙarƙashin wurin, don sau da yawa bayan allon nan akwai tiyon sitiyari ko ƙarfen da ke riƙe da shi.

Igiyoyin totur da giya ba a sayen su da ka. A auna daga akwatin, a bi ainihin hanyar da za su bi har tsakiyar injin, a ƙara kamar ƙafa 4 don su yi lanƙwasa a gaban injin, ya samu juyawa dama da hagu da ɗagawa sama ba tare da ya ja su ba. Kada a karya su a kwana mai tsini. Lanƙwasar ta zama mai faɗi, in ba haka ba totur zai yi tauri, giya ta riƙa shiga da ƙara. Ka sayi akwatin da ya dace da kamfanin injinka, wanda ba ya barin inji ya tashi in yana cikin giya. Sitiyari kuma, a doki 150 ni wanda ke aiki da matsin mai nake ba da shawara, ba na igiya ba. Inji mai wannan ƙarfin yana jan sitiyarin igiya gefe guda, hannu ya gaji, kuma in ka saki zai iya fizgewa.

Akwai wata 'yar jar igiya mai kama da wayar tarho da ke zuwa da akwatin totur. Gefe ɗaya a makunnin inji, ɗayan a jikinka, a ƙafa ko a rigar ruwa. In igiyar ruwa ta wurgar da kai daga kujera, tana fizgewa inji ya mutu. In babu ita, jirgi zai ci gaba da gudu ba direba, kuma yawanci kewaye yake yi ya dawo kan wanda ya faɗa, da farfela tana juyawa. A Amurka tun 2021 doka ta wajabta ɗaura ta a jiragen shaƙatawa da ba su kai ƙafa 26 ba. A nan kuwa sai in ga an naɗe ta a jikin maƙulli ana ado da ita, abin yana ci mini rai. Don Allah, Alhaji, ka ɗaura ta, ka kuma ajiye ta biyu a jirgin inda uwargida ta sani, don in kai ne ka faɗa ruwa da ta farkon su iya tayar da inji su ɗauko ka.

Sai fitilu, inda na fi son ka ba ni hankalinka. Fitilun hanya ba don ka ga gabanka ba ne, don wani ya gan ka ne ya san inda ka dosa. Dokar hana karo a teku ta 1972 ita ta tsara su, kuma duk matuƙin duniya da ita yake karanta dare. Ja a hagu, kore a dama, kowacce tana haska digiri 112.5 daga goshin jirgi zuwa gefenta. Jirgin da bai kai mita 12 ba, irin naka, an yarda ya haɗa waɗannan da farar fitila guda mai haska ko'ina, digiri 360. Ja da kore a hango su daga mil 1 na teku, farar daga mil 2, kuma farar ta ɗara su tsawo da aƙalla mita 1. Wanda ya ga ja da kore tare ya san kansa ka nufo. Wanda ya ga fara kaɗai ya san bayanka yake bi, ko kuma ka jefa anga kana tsaye. Saboda haka a yi makunnin ta yadda za ka iya kunna farar ita kaɗai in kun tsaya. A duba kuma kada rumfa ko kan mutum ya tare ta, a sa mata ɗan faranti a ƙasa don kada haskenta ya zubo kan allon tuƙi ya kashe maka ido.

Na san za a ce ai hukumomin ruwa sun hana tafiyar dare. Gaskiya ne, kuma ka kiyaye. Amma inji yana iya ɓaci da la'asar a Ilashe, magariba ta riske ku a hanya. Hadari yana iya rufe gari da rana tsaka, hazon hunturu ma haka, kuma dokar hana karon ta ce a kunna fitilu duk lokacin da gani ya ragu. Hanyar Tarkwa Bay kuwa ita ce mashigar manyan jiragen da ke zuwa tashoshin Apapa da Tin Can. Mai wancan jirgin ba ya iya taka birki saboda kai.

Fitilun ado na shuɗi da ja da ake zagaye jirgi da su yanzu, ban hana ka ba, amma su zama na ƙarshe a kasafinka, a makunninsu daban, kuma a kashe su da zarar an tashi. Na taɓa haɗuwa da wani jirgi da magariba kusa da gadar Falomo, an yi masa ɗamara da fitilu masu sauya launi. Wallahi har muka matso ban iya gane ko zuwa yake ko tafiya ba, sai da na rage wuta na tsaya cik ya wuce. Babbar fitilar haska gaba ma ta hannu ta ishe ka, a kunna a duba a kashe, kada a dalla ta a fuskar wani matuƙi.

Maganar rediyo. Kada ka dogara da wayar salula. Ba ta kiran jirgin da ke kusa da kai in ba ka da lambarsa, kuma ruwa kaɗan ya gama da ita. Ka sayi rediyon VHF, wato na magana tsakanin jirage, na girke mai ƙarfin wat 25, ka ƙara da ƙaramin oba-oba na hannu a jakar gaggawa. Tasha ta 16 ita ce ta kira da neman agaji, a bar rediyon a kanta kullum, ba a hira a cikinta. Ka yi masa rajista a saka masa lambarsa mai alƙaluma 9, a haɗa shi da GPS, don in ka danna maɓallinsa ja na gaggawa ya aika da inda kake.

Ƙarfin rediyo ba shi ne nisa ba, tsawon eriya ne. Saƙon VHF a miƙe yake tafiya, ba ya bin lanƙwasar ƙasa sosai. Eriyar da kanta ya kai mita 4 daga fuskar ruwa tana kai wa kamar kilomita 8, in ɗaya jirgin ma haka yake sai a haɗa, ya zama kusan 16. Na hannu a tsayin ƙirjinka da ƙyar ya wuce 5 a nasa ɓangaren. Ga jirginka, farar eriyar faiba mai ƙafa 8, wadda aka rubuta wa 6 dB (ma'aunin yadda eriya ke tattara saƙo), ita ce daidai. Masu sayarwa za su nuna maka doguwa mai 9 dB su ce ta fi. A babban jirgi mai nutsuwa ta fi, amma tana matse saƙon ya zama siriri, ƙaramin jirgi kuwa yana tangaɗi, sai saƙon ya riƙa harbin sama da ruwa, magana tana yankewa. A girke ta a tsaye cak, ba a kishingiɗe don kyau ba, a kan gindi mai naɗewa saboda wucewa ƙarƙashin gada da sa jirgi a rumfa. Ta yi nesa da rediyon da eriyar GPS da aƙalla mita 1, kuma kada kowa ya riƙe ta lokacin da ake magana. Wayarta kada a matse ta ko a karya ta, a raba ta da wayoyin inji, kan haɗinta kuma shi ne inda galibin rediyoyin da ake kawo mini suke mutuwa, don haka a yi shi da kyau a naɗe shi ruwa ba ya shiga.

Ga wani gwaji da za ka yi da kanka ranar karɓar aiki. Wasu fitilun LED masu araha suna fitar da hayaniyar da ke toshe kunnen rediyo. Rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2018. Ka kashe duk fitilu, ka kunna rediyo a tashar da ba kowa, ka murɗa maɓallin da ke kashe shuu ɗin nan har ya yi shiru daidai gaɓa. Sai ka kunna fitilun ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka kunna shuu ya dawo, ita ce mai laifi, a canza ta. Kamfas ma haka: ka sa ido a kansa ana kunna kaya, in allurar ta motsa to akwai lasifika ko waya kusa da shi da ya kamata a matsar.

Duk ramin da aka huda a jikin faiba a cika shi da gam na jirgi kafin a ɗaure, noti da kusa su zama na bakin ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, gindin eriya kuma a sa masa faranti ta ciki don kada girgiza ta tsaga wurin. Ka ce wa mai aikin ya rubuta suna a kan kowace waya ya kuma zana maka taswirar layukan a takarda.

In kuɗi ba su isa a yi duka lokaci ɗaya ba, a fara da totur da sitiyari da batir da famfo, sai fitilun hanya, sai rediyo, da rigar ruwa daidai jikin kowane yaro. Lasifika da fitilun ado su jira wata mai zuwa. Ka turo hoton allon tuƙin ta gaba da ta baya, da lambar injin, in duba in faɗa maka irin akwatin totur da tsawon igiyar da za su dace.