Sabar ƙungiyarmu ta fara ƙara, wanda ya haɗa ta kuma ya yi tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum malam, dafatan kana lafiya. Ni ne sakataren wata ƙungiya ta 'yan sa kai, muna da sabar guda ɗaya a ofis, wato kwamfutar da ke riƙe bayananmu, a kanta rajistar mambobinmu take da takardun taro da shafinmu na intanet. Yaron da ya haɗa mana ita ya samu aiki a wani gari, to kwana biyun nan tana wani ƙara kas kas kas kuma ta yi nauyi sosai. Akwai matasa biyu a cikinmu da suka ce za su duba ta kyauta. Daga ina ya kamata su fara?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya saka wa matasan nan da alheri. Amma dan Allah kafin wani ya ɗauki sukuddireba ku ce su dakata, abu na farko shine a kwashe bayanan nan zuwa wani faifai na waje, yau ɗin nan ba gobe ba. Dalilina shine wannan ƙarar da ka kwatanta. Fanka idan ta gaji gurnani take yi a jere ba ta tsayawa, shi kuwa hadi diski idan ya fara mutuwa sai ka ji kas kas yana yi yana tsayawa, allurar da ke karanta bayanai ce take ta kai komo tana neman abin da ta kasa samu, kuma irin wannan diskin duk kashewa da kunnawa da aka yi tana iya zama ta ƙarshe. Kada a yi ta restatin ɗinta wai ko za ta warware.

Idan tsarin Linux ne a kan sabar su buga umarnin duba lafiyar diski, smartctl -a /dev/sda, su duba layuka biyu, Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. Idan lambobin sun wuce sifiri kuma gobe aka duba aka ga sun ƙaru, to diskin nan sallama yake yi. A kwafe muhimman fayiloli tukuna, rajistar mambobi kafin hotunan taro, in kwafin yana maƙalewa su yi amfani da ddrescue, wato manhajar ceto bayanai daga diski, shi yana tsallake wurin da ya lalace ya kwashe mai kyau sannan ya dawo ya sake gwada wancan. Maganar nauyi kuma su buga df -h su ga wurin da ya rage a diski, sau da yawa ba wani abu bane illa fayilolin log, wato waɗanda na'urar ke rubuta abin da ke faruwa a cikinsu, da suka taru shekara da shekaru suka cika wuri har na'urar ta rasa inda za ta numfasa. Sai bayan an gama duk wannan ne za a kashe ta, a zare wuta, a buɗe a hure ƙura, kuma a riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa kada ta yi ta juyi.

To amma abin da yafi damuna a tambayarka ba diskin bane, diski ana sayen sabo. Yaron nan da ya tafi ya tafi da rabin sabar a cikin kansa. Ku kira shi cikin mutunci, ku sa ya zauna da matasan nan ko da a waya ne na awa ɗaya, a rubuta komai: kalmar sirrin babban asusu, kamfanin da aka yi rajistar sunan shafinku da imel ɗin da aka yi rajistar da shi da ranar da zai ƙare, me da me ke aiki a kan na'urar, me ake yi idan an ɗauke wuta ta ƙi tashi. Ni na taɓa shiga aikin wata ƙungiya da na'urarsu lafiya lau take, amma sunan shafin yana kan imel ɗin wani da ya bar su da daɗewa, saƙon gargaɗi yana ta zuwa akwatin da babu mai buɗewa, ranar da ya ƙare kowa ya ɗauka sabar ce ta mutu, mun kwana biyu muna kwance abin da bai lalace ba.

Tambaya: Malam, sabar ƙungiyarmu diski biyu gare ta, an ce mana RAID ne, in ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Kenan ba ma buƙatar wani bakof, wato kwafin ajiya na bayanan, ko?

Amsa: Kuna buƙata 'yar'uwa, sosai ma kuwa. RAID 1 madubi ne, duk abin da ya samu diskin farko nan take yake samun na biyu. In wani ya goge fayil bisa kuskure ya gogu a duka biyun, in ƙwayar cutar nan mai kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa ta shiga duka biyun za ta kulle, in ɓarawo ya ɗauke akwatin ya ɗauke duka. Mutuwar diski ɗaya kaɗai yake karewa.

Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce 3-2-1, kwafi 3 na bayanan, a kan na'urori iri 2, sannan 1 ya kasance a wani gini daban. Wannan na ƙarshen mutane suke rainawa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda bakof ɗinsu yake wuri ɗaya da sabar ɗinsu suka rasa duka biyun a dare ɗaya. Kuma ko kuna da shi sai kun gwada dawo da shi. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab ya goge kusan gigabait 300 na rumbun bayanansu bisa kuskure, da aka juya kan hanyoyin bakof ɗin da suke da su sai aka tarar ba sa aiki yadda ake zato, wani kwafi da aka ɗauka da hannu kamar awa 6 kafin nan shi ya cece su. Kaga waɗannan albashi ake biyansu, balle ku da kuke yi bayan an tashi daga aiki. Duk bayan wata uku ku ɗauki wata tsohuwar kwamfuta ku dawo da bakof ɗin a kanta, ku buɗe rajistar ku gani da idonku sunan wanda ya shiga ƙungiya makon jiya yana ciki.

Tambaya: Sabar ɗinmu Ubuntu 18.04 ce a kanta, wani nau'in Linux, kuma tana aiki lafiya, ni ina tsoron taɓa ta kada in ɓata, a ce ni ne. In bar ta haka?

Amsa: Tsoronka na gane shi, aikin sa kai haka yake, in abu na tafiya babu mai tuna ka, ranar da ya tsaya kowa ya san lambarka. Sai dai tallafin yau da kullum na 18.04 ya ƙare tun 2023, na 20.04 ma ya ƙare a 2025, domin shekara 5 ake ba irin waɗannan fitowar. Ma'ana ramukan da aka gano bayan nan ba a toshe muku su ta sabuntawar yau da kullum, masu kutse kuma ba sa duba ko ƙungiyarku ƙarama ce, manhajoji ne suke sakewa suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, wato ta SSH da ake shiga sabar daga nesa, buɗe /var/log/auth.log ka gani da kanka, sai ka riƙe baki.

Ni ba zan ce ka hau sabuntawa a kanta kai tsaye ba, don sai ka bi 20.04 da 22.04 kafin ka kai 24.04, kowane mataki kuma da abin da zai iya karyewa. Samu sabon diski ka ɗora 24.04 tsaf, ka kwaso bayanan, tsohon diskin a cire shi a ajiye a durowa kamar wata guda, in sabon ya ba da matsala ka mayar da tsohon cikin minti goma. Ka sanar da shugabanni rana da lokaci a rubuce, kuma kada ka yi aikin kai kaɗai, ɗauki mutum ɗaya ya zauna kusa da kai yana rubuta abin da kake bugawa. Kowane ɗan sa kai a buɗe masa asusunsa da makullin SSH nasa, a daina rabon kalmar sirri ɗaya a guruf, wanda ya bar ƙungiya a rufe nasa ranar.

Tambaya: Shafinmu ya fara nuna wa mutane gargaɗi wai ba shi da tsaro, an yi mana kutse ne?

Amsa: Da wuya. Galibi satifiket ɗin tsaron shafin ne ya ƙare, na Let's Encrypt, masu ba da irin wannan satifiket, kwana 90 yake yi, kuma tun 2025 sun daina turo imel ɗin tunatarwa. Buga certbot renew don sabunta shi ka karanta abin da zai ce maka. In kuma sabuntawar ta ƙi, duba agogon sabar, akwai ɗan batir CR2032 mai kama da kwabo a kan allon uwa, wato babban allon cikin kwamfutar, in ya mutu aka ɗauke wuta na'urar tana iya tashi da kwanan watan shekarun baya, sai ka canza shi ka gyara agogon ka sake gwadawa.