Amsa kan sauyin rabon aiki tsakanin miji da mata

Ƙanwata, kin tambaya ko rabon aikin gida tsakanin miji da mata haka yake tun fil azal ko yana sauyawa, da kuma abin da masana ilimin zamantakewa suka ce. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, ga aure ga 'ya'ya uku ga fita aiki, don haka abin a jikina yake.

Abin da na fahimta shi ne, rabon aiki yana bin hanyar da gida ke samun rufin asiri. Kakata da fartanya a hannu ta tsufa, kafaɗa da kafaɗa da kakana, amma ba wanda ya taɓa kiranta ma'aikaciya, domin gida da wurin nema ba a rabe suke ba. A 1970 Ester Boserup, masaniyar tattalin arziki, ta nuna cewa inda ake noma da fartanya mata kan yi kaso mai yawa na aikin gona, inda kuma garma ta shigo sai maza su karɓe gonar. Claudia Goldin, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta bi bayanan Amurka na kusan shekara 200, ta gano aikin matan aure raguwa ya yi da zuwan masana'antu, saboda ba a shiga masana'anta da jariri a hannu. Sai a ƙarni na 20 ya sake hawa, da karatun mata da ayyukan ofis suka yawaita.

Shi ya sa nake taka-tsantsan da ra'ayin masanin zamantakewa Talcott Parsons na 1955, cewa miji shi ne mai nema, mata kuwa mai tarbiyya da sanyaya zukata. Ban raina aikinsa ba, amma gidan masu matsakaicin hali na Amurka bayan yaƙin duniya na biyu ya kalla, hoton lokaci guda ne.

A 1973 wasu masana biyu, Young da Willmott, suka ce a Landan aiki ya fara daidaituwa tsakanin ma'aurata. Ann Oakley, wadda ta zauna da matan aure 40 ta ji ta bakinsu, ta ce a'a: a ma'aunin Young da Willmott, mijin da ya taɓa aiki ɗaya tak a mako ya shiga sahun masu taimako. A 1989 Arlie Hochschild ta raɗa wa abin suna, zango na biyu, wato mace ta tashi daga aiki ta tarar da wani yana jiranta a gida.

Wannan zangon na san shi sarai. Shekarar da na haifi ɗana na biyu, nakan shigo da yamma jaka na rataye a kafaɗa, ban ko zauna ba na hau duba aikin makarantar babbar, ƙaramin na kuka. Maigidana mutumin kirki ne, kullum sai ya ce, "Me zan taimaka miki da shi?" Na jima kafin na gane abin da ke ci mini rai a maganar. Wanda ya ce zai taimaka, ya riga ya yanke cewa aikin naki ne. Kuma wanki da shara ba su ne suka fi nauyi ba, riƙe komai a ka ne: ranar rigakafi, takalmin da ya matse yaro, maganin surukata da ya kusa ƙarewa.

Kada kuma ki ɗauka mata kaɗai abin ke dannewa. Lokacin da aikin maigidana ya tsaya wata takwas, albashina na riƙe mu, amma na ga yadda ya rame, barci ya ƙaurace masa, don tun yana yaro aka nuna masa darajarsa a aljihunsa take. Na tausaya masa ƙwarai.

A cikin watannin ne muka zauna da takarda da biro, muka rubuta duk abin da gida ke buƙata, har da waɗanda ba a gani. Ya yi shiru yana kallon tsawon jerin. Daga ranar ya karɓi sha'anin makarantar yara ɗungurungum, ba sai na tuna masa ba, kuma da ya koma aiki bai saki ba. Ranar da ya fara zuwa taron iyaye shi kaɗai, malamar ta tambaye shi ko lafiya mamansu ba ta zo ba. Yanzu idan yaro ya yi zazzaɓi a aji, lambarsa ake kira.